Ba Ɓargon da Ta Bayar Ne Ya Kashe Hadiza Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Hadiza, kuma har yau a Tudun Wada akwai masu ba da labarin mutuwarta ba yadda ta faru ba. Na so in rubuta wannan waiwaye cikin sanyin rai, in tuna kirkinta, in roƙa mata gafara, in ajiye alƙalami. Da na zauna sai na ga ba zan iya ba. Raina a ɓace yake, gara in faɗa tun daga farko.

Mu huɗu ne a wurin Inna. Ni ce babba, sai Sani, sai Hadiza, sai autanmu Nura, wanda ya zo bayan an daɗe da fidda rai. Hadiza da Nura da sikila aka haife su. Lokacin da iyayenmu suka yi aure babu mai zancen gwajin jini, don haka ban taɓa ɗora musu laifi ba. Abin da na sani shi ne na tashi ina dafa ruwan zafi ina miƙa wa Inna, tana gasa wa Hadiza ƙafafu, yarinyar tana cizon filo don kada maƙwabta su ji kukanta. Damina ce babbar abokiyar gabarta. Da hadari ya haɗu sai a shigar da ita ɗaki a lulluɓe, sauran yara suna waje suna tsalle a ruwa.

Ta kusa shekara ashirin lokacin da ciwon ya koma ƙirjinta, likitoci suka ce wa Baba idan akwai hali a yi mata dashen ɓargo. Ga wanda bai sani ba, ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne ke haɗa jini. Sai a ba mara lafiya magani mai ƙarfi ya kashe nasa, sannan a ɗebo na wani lafiyayye da suka dace a saka masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Aka gwada mu. Ni ban dace da ita ba, Sani ya dace. Baba ya sayar da gonarsa da filin da yake tattalin ginawa a Hanwa, suka tafi Indiya.

Ta dawo mana babu gashi a kanta, ta rame, ta yi duhu, da takunkumi a fuska tun kafin mutane su saba ganinsa. Ta yi watanni a ɗaki, ba a barin kowa ya shiga wurinta da takalmi. Sannu a hankali idonta ya daina yin rawaya. Da damina ta zagayo, wata rana da la'asar na leƙo na gan ta tsaye a tsakar gida, ruwa yana dukanta, ta buɗe hannuwa. Inna ta fito da bargo a guje, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ƙarasawa. Daga wannan shekarar Hadiza ba ta sake kwanciya ciwon sikila ba.

Ta gama karatun koyarwa, ta kama aiki a wata firamare a nan unguwa. Ta auri Malam Kabiru, abokin aikinta, bayan ta gaya masa ƙarara cewa likitoci sun ce da wuya ta haihu saboda magungunan da ta sha. Ya ce ya ji, kuma bai taɓa waiwayar maganar ba.

Amma mutane ba su yarda ta warke ba. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai. A gidan biki, da ta ɗauki taɓarya sai a fizge, a ce, "Ke zauna, ke da ba ki da lafiya." Idan ta yi atishawa sai a haɗa ido. Ta taɓa ce mini, "Yaya, ciwon ya sake ni, mutane ne suka ƙi sakina." Akwai ranar da matar wani malamin makarantarsu ta zubar da jini wurin haihuwa, suka tafi asibiti su bayar, aka karɓi na kowa aka mayar da ita, domin ƙa'ida ce ba a ɗaukar jinin wanda aka yi wa dashe. Ba ta yi gardama ba, ta san ƙa'idar tana da dalilinta. Sai dai ta dawo gida, ta zauna ta yi ta gyaran littattafan ɗalibanta ba ta kula kowa ba.

Ciwon Nura yana da sauƙi tun yana ƙarami, shi ya sa aka yi ta lallaɓa shi da magani. Yana ɗan shekara goma sha biyar, wata safiya yana shan koko sai kofin ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, irin wadda sikila ke kawowa. Ya farfaɗo, amma hannun hagunsa bai koma daidai ba, kuma likita ya ce tana iya dawowa da muni. Aka shiga yi masa ƙarin jini a kai a kai, aka ce abin da ya fi shi ne dashe. Baba ya riga ya rasu a lokacin.

Muka sake zuwa gwaji. Ni dai ban dace ba, kamar wancan karon. Sani ya dace da Nura, muka yi murna, murnar ba ta daɗe ba. Gwajin ya nuna Sani ya kamu da ciwon hanta a wani lokaci bayan ya ba Hadiza, kuma likitoci suka ce ba za su ɗauki ɓargonsa ba. Aka nema a waje ba a samu ba, domin baƙar fata kaɗan ne cikin waɗanda suka yi rajistar bayarwa. Sani ya fita daga ofishin likitan ya zauna a kan benci ya rufe fuska. Ni da Hadiza muka rage a ciki.

Hadiza ta gyara zama ta ce, "Likita, ɓargon da ke jikina yanzu na wane ne?"

Ya ce, "Na yayanki ne."

"Wanda ya ba ni tun kafin ciwon hantar ya same shi?"

"Haka ne."

"To me ya hana a ɗiba daga wurina a ba Nura?"

Likitan ya amsa da taka-tsantsan, kuma ina girmama shi saboda haka. Ya ce abu ne da ba a cika yi ba, shi kansa bai taɓa gani da idonsa ba, sai dai ya san an yi a wasu wurare idan aka rasa wata hanya. Ya ce sai ya tuntuɓi waɗanda suka yi mata dashe, kuma sai an bincike ta ciki da waje. Idan aka ga ko da ƙaramar matsala ce, magana ta mutu. Aka ɗauki watanni ana haka. Aka ɗebi ɓargonta aka duba, aka duba zuciya da ƙoda da hanta. Sakamako ya nuna ɓargon nata gaba ɗaya na Sani ne, lafiyayye, babu ciwon hanta a tare da ita.

Ina jaddada wannan ne domin masu cewa an yaudare ta, ko an yi gwaji da ranta. Babu wanda ya kira ta. Ita ta tambaya, kuma sai da aka wahalar da ita da bincike kafin a yarda. Ba kowane wanda aka yi wa dashe ne zai iya bayarwa ba, kuma ni ba likita ba ce da zan ce wa wani je ka bayar. Abin da na sani shi ne nata an duba, an ce za ta iya.

Sauran aikin a gida yake. Baffa, ƙanin Baba, shi ne babbanmu a lokacin, ya tara mu a falonsa. Ya ce an karya gida an ceto ɗaya, yanzu kuma ana so a jefa biyu cikin haɗari, shi ba da yawunsa ba. Gwaggo ta ce lafiyar Hadiza ta aro ce, wanda ya ari abu ba ya kyauta da shi. Inna tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce ita ba za ta zaɓa tsakanin 'ya'yanta ba, kada a tambaye ta.

Ban ji haushin Baffa ba a ranar, kuma yau ma ba na ji. Tsoro ne na mai ƙauna. Hadiza ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Baffa, lokacin da aka kai Yaya Sani aka huda masa ƙashi saboda ni, babu wanda ya ce lafiyarsa ta fi tawa daraja. Yau ni ce mai lafiyar. Idan na zauna ina kallo Nura ya sake faɗuwa, ban san me zan yi da wannan lafiyar ba." Malam Kabiru ya ce shi a matsayinsa na miji ya amince. Baffa ya nemi a ba shi lokaci, ya je ya tambayi malaminsa, aka ce masa ceton rai ne, ya halatta muddin masana sun ce ba za ta halaka ba. Ya dawo ya sa albarka. Shi ne ma ya fara zagaya dangi neman gudummawa, sannan abokan aikinta da maƙwabta, na masallaci da na coci, kowa ya kawo abin da ya iya.

Ni na raka su Indiya. Aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka sa ta barci, aka zuƙo ɓargon da allura daga ƙashin ƙugunta ta baya. Na ga jakar ɓargon da idona lokacin da aka wuce da ita wurin Nura, ja ce wur, kamar kowace jakar jini. Hadiza ta farka tana cewa bayanta kamar an bi ta kansa da amalanke, sannan ta tambaya ko na zo da yajin da Inna ta daka, don abincin asibitin ya ishe ta. Ta yi kwanaki tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa, tana yi wa kanta dariya. Ƙarfinta ya ɗan jima kafin ya dawo, fiye da yadda na Sani ya yi, aka ba ta maganin ƙarin jini. Kafin mu baro ƙasar tana hawa bene da ƙafarta.

Nura ne ya sha wuya. Bakinsa ya cika da gyambo, fatarsa ta yi ƙuraje, akwai lokacin da zazzaɓi ya sa muka fara fidda rai. Amma dashen ya kama.

Hadiza ta rayu shekara huɗu bayan haka. Tana zuwa makaranta da ƙafa, tana azumi, tana daka a gidan biki ko an hana ta. Duk lokacin da aka duba jininta sai a ce lafiya lau. Ranar da ta rasu, daga Kano take dawowa, ta je sunan ɗiyar wata ƙawarta. Tayar wata babbar mota ta fashe, motar ta afka wa motar hayar da suke ciki, saura kaɗan su iso Kwangila, mashigar garinmu. Da rana tsaka ne. Direban ya mutu nan take, da wasu samari majiya ƙarfi da ke kujerar gaba, waɗanda ba a taɓa huda musu ƙashi ba. Hadiza ma ba ta kai asibiti ba.

Muna zaman makoki, tsakar gida cike da mata, na ji wata daga bayana tana cewa, a hankali amma ba a hankalin da ba za a ji ba, "Ai tun da aka zuƙe mata ɓargo ba ta ƙara zama daidai ba. Ƙasusuwan sun zama fanko, shi ya sa ba ta jure ba." Wata ta amsa mata da cewa dama an faɗa musu ba su ji ba. Nura ya shigo a daidai lokacin, zai gaida Gwaggo. Na ga fuskarsa. Ya juya ya fita.

Yaron nan ya daɗe ba ya cin abinci tare da mu. Ya daina zuwa gidan Malam Kabiru, ya ce kunyarsa yake ji. Sai da aka jima sannan wata rana ya same ni ina tsince shinkafa, ya tsuguna ya ce, "Yaya, ki gaya mini gaskiya. Ni ne?" Na gaya masa gaskiyar, Malam Kabiru ya gaya masa, likitansa ya zaunar da shi ya gaya masa cewa ɓargon da aka ɗiba yana komawa cikin makonni, kuma babu ƙashin da ke tsayawa a gaban babbar mota. Ya ji, amma magana ɗaya da aka yar a wurin makoki ta fi tamu duka nauyi a zuciyarsa na tsawon shekaru. Waɗanda suka yi ta sun sha kununsu sun tafi gida. Ina jin sun ma manta.

Nakan tambayi kaina me Hadiza za ta ce da ta ga yau. Za ta yi murna da jin cewa yanzu ana dashen ɓargo a cikin ƙasar nan, ko da yake har yanzu ya fi ƙarfin talaka, kuma yana nesa da mu. Za ta yi murna da yadda gwajin jini kafin aure ya fara zama abin da ba a jin kunyarsa, kuma za ta yi faɗa da masu zagayawa ta bayan fage su canza sakamako don kada a fasa biki, su bar yaran da ba a haifa ba da cizon filo. Amma abin da zai fi tayar mata da hankali shi ne yadda gulmar da a da take tsayawa a tsakar gida yanzu take yawo a waya. An taɓa turo mini wani saƙon murya, mai maganar ba ta san ni ba, tana gargaɗin iyaye da labarin "wata malama a Tudun Wada" da aka cire wa ɓargo ta mutu. Ƙanwata ce ake nufi. Na san halinta. Da farko za ta yi dariya, sannan ta ɗauki mayafi ta tambayi ina ne gidan mai maganar.

A watan jiya Sista Rifkatu ta zo wurina. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, maƙwabciyarmu, ita ce ke yi wa Hadiza allura tun tana yarinya. Ta ce akwai wani gida a Gyallesu, yarinyarsu 'yar firamare sikila ta kwantar da ita, likitoci sun nemi a gwada yayanta ko zai dace, uban ya ƙi. Dalilinsa shi ne malamar Tudun Wada.

Na gaya wa Nura ni da Sista za mu je gidan. Ban ce ya zo ba, shi ya ce zai raka mu.

Uban kafinta ne, mutumin kirki, ya karɓe mu da mutunci a zaurensa. Da Sista ta gabatar da ni, ta ce ni ce yayar malamar, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, haka aka gaya mini." Na ba shi labarin motar, da direban, da samarin da ke gaba. Na ce masa ban zo in yi masa alkawari ba. Dashe abu ne mai wuya, akwai waɗanda ba sa tsallake shi, mai bayarwa ma zai sha ciwon baya. Ya je ya tambayi likitoci duk abin da ke ransa, in ya ga ba zai iya ba wannan hukuncinsa ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada ya yanke hukuncin da sunan ƙanwata, domin ƙarya aka yi mata.

Ya dubi Nura ya ce, "Wannan fa?"

Nura ya ce, "Baba, ni aka ba ɓargon."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye shi ko har yanzu yana ciwon. Nura ya ɗaga hannun hagunsa ya nuna masa yadda yatsun ba sa rufewa sosai, ya ce wannan tun kafin dashe ne, amma ciwon ƙashi bai sake ganinsa ba, yana aikinsa na gyaran lantarki kamar kowa. Sannan ya ƙara da wata magana da ban taɓa jin ya furta ba. Ya ce, "Yayata ba ta mutu saboda ni ba. Ni ne na rayu saboda ita."

Yayan yarinyar, saurayi ne da ya kai ashirin, yana tsaye a bakin zaure tun shigowarmu. Ya ce wa ubansa shi dama yana so a gwada shi, tsoron ɓata masa rai ne ya hana shi faɗa. Uban ya raka mu har bakin titi. Bayan 'yan kwanaki Sista ta aiko mini cewa sun je an ɗebi jinin. Har zuwa lokacin da nake rubutun nan sakamako bai fito ba. Yana iya dacewa, yana iya ƙi, kamar yadda nawa ya ƙi har sau biyu. Ko ya dace ma, akwai doguwar tafiya a gabansu.

Hadiza ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar ɗaliban da har yanzu suke tare ni a kasuwa su gaishe ni saboda ita, ta bar miji da ke yi mata sadaka duk Juma'a, ta bar ƙane da ke hawa tsani yana ɗaura wayar lantarki da jinin da ya biyo ta jikinta ya iso gare shi. Ga masu yawo da labarinta kuwa, ban hana ku ba. Ku ba da shi, amma ku ba da shi cikakke. Ku ce an ba ta, ta warke, ta tambaya, an bincika, ta bayar, ta tashi ta koma aji ta ci gaba da koyarwa, sannan ajali ya same ta a kan titi kamar yadda yake samun kowa. Wanda ba zai iya faɗin haka ba, ya yi mata addu'a ya yi shiru, domin akwai yaran da ke kwance yau waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan abin da iyayensu suka ji daga bakinku.

Allah Ya haskaka kabarinki, Hadiza. Nura yana lafiya, kuma yanzu ya yarda ba shi ne sanadi ba.